Mai Kuɗi da Mai Fili: Hukuncin Tarayya Cikin Harkar Gine-gine

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta mana ciniki, Ya hana mu cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanensa suka san shi da amana tun gabanin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, maza da mata, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Darasinmu na yau a kan dukiya yake, domin bakin da ya kame tun fitowar alfijir bai kamata a buɗe shi da haram a faɗuwar rana ba. Tambayar da za mu warware ta yawaita a hannunmu: mutum yana da kuɗi, wani kuma yana da fili ko ya san harkar gini, mai kuɗin ya zuba kuɗinsa, ya koma gefe yana jiran rabonsa. Shin abin da zai karɓa halal ne?

Ba abin mamaki ba ne tambayar ta yawaita. Gonakin da muka sani ana noman gero a bakin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, yau unguwanni ne. Manyanmu kuma ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, aka wayi gari kuɗin da ke cikin akwati ya rasa rabin ƙarfinsa a gaban kuɗin Faransa. Tun daga nan mutane suka ƙara yarda cewa ajiya a ƙasa ta fi ajiya a takarda. Saboda haka ɗan ci-rani da ke Libiya ko Aljeriya ko Abijan yana aiko da guminsa a saka masa a gini, wanda ya gama aikin gwamnati yana zuba haƙƙin da aka ba shi, matar da mijinta ya rasu tana miƙa gadon marayunta. Dukiyar da ake zubawa a nan sau da yawa ita ce ƙarshen abin da mutum ya mallaka.

Tushen hukuncin

Mu fara gyara wata kalma. Abin da Bahaushe yake kira riba, wato ƙarin da ɗan kasuwa yake samu a kan uwar kuɗinsa, Balarabe ribhu yake ce masa, kuma halal ne. Abin da Alƙur'ani ya kira riba ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, shi ne muke kira kuɗin ruwa. Saboda haka duk inda muka ce riba cikin wannan darasi, ta kasuwa muke nufi.

To, me ya raba su? Mai bada kuɗin ruwa yana zaune a gida, mai zuba jari shi ma yana zaune a gida, kowannensu ya bada kuɗi yana jiran ƙari. Abin da ya raba su ɗaya ne: ɗaukar hasara. Mai kuɗin ruwa ya ɗora wa abokinsa lamuni, ko an samu ko an faɗi sai an mayar masa da kuɗinsa da ƙari. Mai zuba jari kuwa ya yarda in dukiyar ta halaka, tasa ce ta halaka. Ƙa'idar da malamai suka ciro daga hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ita ce amfanin abu yana bin wanda hasarar abin take kansa. Bahaushe ma ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Imamu Malik ya kawo wani labari cikin Muwaɗɗa da ke nuna sahabbai sun san wannan ƙa'ida. Abdullahi da Ubaidullahi, ƴaƴan Sayyidina Umar, sun biyo ta Basra a kan hanyarsu ta komawa Madina. Gwamnan garin, Abu Musa al-Ash'ari, ya ba su kuɗin baitulmali da za a kai wa Halifa, ya yarje musu su sayi hajar Iraƙi da su, su sayar a Madina, su miƙa uwar kuɗin su riƙe ribar. Da Umar ya ji, ya ga don suna ƴaƴansa ne aka yi musu wannan gata, sai ya umarce su su miƙa duka. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi kuwa ya kafa hujja da cewa da dukiyar ta ɓata a hanya, su za su biya. Daga ƙarshe wani daga cikin mazauna majalisar ya bada shawara a mayar da abin ƙiradi, Umar ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba, ya bar musu rabi. Ku lura, hujjar da aka tsaya a kanta ita ce: wa zai ɗauki hasara?

Sura ta farko: wannan da fili, wancan da kuɗi

Wannan ita ce shirka ta dukiya, wato tarayya. A mazhabar Malikiyya ya halatta ɗaya ya kawo kuɗi ɗaya ya kawo kadara, da sharaɗin a yi wa kadarar ƙima ranar da aka kawo ta. A kira mutanen da suka san farashin unguwar, a yanke wa filin kuɗi kafin a aza tubali ko ɗaya.

Ga misali. An yi wa fili ƙimar sefa miliyan 10, mai kuɗi ya zuba miliyan 30 aka gina. Jari ya zama miliyan 40: mai fili yana da kashi 1 cikin 4, mai kuɗi yana da kashi 3. Daga wannan rana babu sauran «filina» ko «ginina»; kowannensu ya mallaki rabonsa cikin ƙasar da ginin baki ɗaya. In an sayar miliyan 48, ribar miliyan 8 ce: mai fili ya ɗauki 2, mai kuɗi ya ɗauki 6. In kasuwa ta faɗi aka sayar miliyan 36, hasarar miliyan 4 ce: mai fili ya ɗauki 1, mai kuɗi ya ɗauki 3. In haya aka saka, sai a cire kuɗin gyara da haraji daga abin da aka karɓa, a raba saura a kan wannan lissafi. Watan da ɗakin ya kwana babu ɗan haya, babu wanda yake bin wani.

A wurin Malikiyya riba tana bin gwargwadon jari, haka ma aiki. Hanafiyya da Hanabila sun yarda a ƙara wa mai tsayuwa a kan aiki kaso cikin riba in an yi sharaɗi. Amma game da hasara babu saɓani: gwargwadon jari take bi. Idan mai filin ne zai riƙa wuni a wurin gini yana bin magina da masu kawo yashi, to hanyar da ta fi kuɓuta ita ce a yanka masa lada sananne cikin yarjejeniya ta daban, kamar yadda za a yanka wa baƙo, domin kada wahalarsa ta tafi a banza, kada kuma ya riƙa biyan kansa a ɓoye daga kuɗin siminti.

Sura ta biyu: wannan da kuɗi, wancan da aiki

Wannan shi ne ƙiradi, wanda a zaurukan karatunmu muke furtawa ƙirali, mutanen Iraƙi kuma suke kira mudaraba. Larabawa sun san shi tun jahiliyya, Musulunci ya tabbatar da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tafi Sham da dukiyar Nana Hadiza gabanin annabci. Surarsa a harkarmu ita ce ka ba wanda ya san filaye kuɗi, ya sayi fili ko gida, ya sayar, ku raba riba.

Sharuɗɗansa suna cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shehu Halil, kuma duk ɗalibin da ya kai babin ciniki ya karanta su. Jarin ya zama kuɗi tsaba sanannen adadi da aka miƙa. Ba a mayar da bashin da kake bin mutum ya zama jari a hannunsa sai ka karɓe shi tukuna, don kada a fake da ƙiradi a ci ƙari a kan bashi. Rabon riba ya zama kaso, rabi ko sulusi ko rubu'i, ba adadin kuɗi ba. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai a kan cewa ƙiradi yana ɓaci idan ɗaya ya yanka wa kansa kuɗi ƙididdigaggu. A mazhabarmu ba a yanka masa ajali. Kowannensu yana da ikon fasawa kafin a fara aiki, amma in an riga an sayi filin, mai kuɗi ba shi da ikon tada abokinsa tsaye ya ce a ba shi kuɗinsa gobe. Sai ya jira a sayar a lokacin da ya dace. Kuma ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo tsaba.

Misali: ka bada miliyan 20 a kan rabi da rabi. An sayar miliyan 26. Ka karɓi 20 ɗinka, sannan kowa ya ɗauki 3. In an sayar miliyan 17, kai ka yi hasarar 3, shi kuma ya yi hasarar watannin da ya yi yana kai da kawo cikin rana. Ba ka bin sa komi. In fili biyu ya saya, ɗaya ya yi riba ɗaya ya faɗi, sai a cike gurbin faɗuwar da ribar kafin a yi maganar rabo.

Sura ta uku: wadda ta fi yawa, kuma ita ce haram

Ita ce a ce maka: kawo miliyan 5, kowane wata za ka karɓi jikka 100, kuma bayan shekara 2 kuɗinka suna nan cif. Ko da an rubuta «tarayya» a saman takardar, ko da an kai ka an nuna maka ginin, wannan rance ne da ya jawo amfani. Shari'a ba ta duban sunan da aka raɗa wa ciniki, haƙiƙarsa take dubawa. Imamu Malik ya hana a sharɗanta wa mai aikin ƙiradi lamunin uwar kuɗi, domin shi amintacce ne, ba mai cin bashi ba.

Daga cikin wannan babi har da mai bada rance ya karɓi gida jingina, ya riƙa cin hayarsa har ranar da za a biya shi kuɗinsa cikakku. Hayar nan ƙari ce a kan rance.

Akwai kuma hikima ta duniya cikin wannan hani. Gini ba ya haihuwar kuɗi tun yana tushe. Wanda ya yi alkawarin biyanka kowane wata alhali ba a ko rufa ɗakin ba, ka tambayi kanka daga ina yake biya. Sau da yawa daga kuɗinka ne yake gutsuro maka, ko daga kuɗin wanda ya shigo bayanka, kuma ranar da masu shigowa suka ƙare, ranar asiri yake tonuwa.

Yaushe mai aiki yake biya?

Kada mai riƙe da dukiyar mutane ya ji wannan ya ɗauka an sakar masa mara. An ɗauke masa biya ne cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Mun ga ambaliyar 2020 da kogin Isa ya cinye unguwanni a Yamai, mun ga ta 2024 da ta rusa gidaje a Maraɗi, har tsohon masallacin Birni a Damagaram ya faɗi. Ginin tarayya da irin wannan ruwa ya ci, bayan an gina shi yadda ya kamata a inda ya kamata, hasararsa tana kan masu jari, kowa gwargwadon rabonsa.

Amma idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, to ya zama mai lamuni. An ce masa kada ya saya a hanyar ruwa, ya je ya saya a bakin gulbi don araha. An ba shi kuɗin buhu 300 na siminti, ya sa 200 ya cika da yashi. Ya ɗebi jarin ya yi aure, ko ya biya wani bashinsa da niyyar zai mayar. Ya miƙa wa wani kuɗin ya juya ba da izinin mai su ba. Duk wannan, in dukiya ta salwanta, shi zai biya. Allah Ya hakaito mana a Suratu Sad, aya ta 24, ta harshen Annabi Dawuda, cewa zaluntar juna ta yi yawa tsakanin abokan tarayya, waɗanda suka kuɓuta su ne masu imani da aikin ƙwarai, kuma kaɗan ne.

Abin da ke kan mai kuɗi kafin ya miƙa

Na farko, ya binciki asalin filin. Zaman gida ba ya ɗauke masa alhaki, domin da kuɗinsa za a aza ginin. Buhari da Muslim sun ruwaito narko mai tsanani a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci: za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Abin da ya fi yawa a wurinmu shi ne gonar gado da ba a raba ba. Babban wa ya tashi ya shiga tarayya da ita, alhali ƙannensa mata da marayun ƙaninsa suna da rabo a ciki, ba a tambaye su ba. Mai kuɗin da ya san haka ya zuba, ya yi tarayya cikin zunubin. A raba gado tukuna, ko kowane magaji baligi ya yarda da bakinsa, maraya kuma waliyyinsa ya tsaya masa da abin da ya fi masa alheri.

Na biyu, ya ga takarda, ya ga fili. Ba a cinikin biri a sama. A ƙauye akwai kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, suna rubuta shaidar mallaka da ta sayarwa. A birni akwai takardar da ma'aikatar magajin gari take bayarwa, da wadda ta fi ta ƙarfi, wadda ake kira titir fonsiye. Fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ko uku ba baƙon labari ba ne a kotunanmu. Wanda yake ƙasar waje ya wakilta amintacce, wanda ba shi da rabo cikin cinikin, ya je ya taka filin da ƙafarsa, ya tambayi maƙwabta da mai unguwa.

Na uku, ya san abin da za a yi da ginin. Ba ya halatta a gina ko a bada haya don sayar da giya ko caca ko alfasha, ko da hayar ta ninka.

Na huɗu, a rubuta. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Idan wannan ne matsayin bashi, yaya tarayyar da za ta yi shekaru, wadda mai yiwuwa ne ta fi masu ita tsawon rai? A rubuta nawa kowa ya kawo, nawa aka yi wa filin ƙima, yaya rabo yake, wa yake riƙe da lissafi, yaushe ake zama a duba shi. Sunan mai kuɗi ya fito a takardar mallaka, ko a yarjejeniyar da aka yi gaban notar da shaidu. Mun san abin da yake hana mu: kunya. Sai ka ji an ce, ɗan'uwana ne, yaya zan ce ya sa hannu? Ku sani, rubutu ba tuhuma ba ne. Kai ka yarda da ɗan'uwanka, amma ranar da aka ɗauki gawarka ko tasa, ƴaƴanku ne za su zauna, kuma su ba su ji abin da kuka faɗa wa juna ba. Zumunci nawa ya yanke a kan gidan da ake cewa «ai da kuɗin babanmu aka gina», takarda kuwa tana ɗauke da sunan mutum ɗaya?

Rabuwa da mutuwa

Idan ɗaya ya so fita, yana da ikon sayar da rabonsa. Sai dai in ya sayar wa bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin shuf'a, wato ya karɓi rabon a kan kuɗin da baren ya biya, matuƙar ba a riga an raba an kafa iyaka ba. A mazhabarmu wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, kuma wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi.

Ya halatta kuma mai fili ya riƙa sayen rabon mai kuɗi kaɗan kaɗan har gidan ya zama nasa shi kaɗai, hayar mai kuɗin tana raguwa gwargwadon raguwar rabonsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yarda da wannan a zamanta na Maskat cikin 2004, da sharaɗin kowane saye ya kasance a kan farashin ranarsa ko abin da suka daidaita a lokacin, kada a ɗaure shi tun farko da mayar da uwar kuɗi yadda take, domin wannan lamuni ne ya dawo ta bayan gida. In ɗayansu ya rasu, rabonsa ya zama na magadansa, maza da mata, kowa da abin da Allah Ya yanka masa.

Zakka

Da yawanku cikin wannan wata kuke fidda zakka. Kowane abokin tarayya rabonsa yake dubawa, shi kaɗai, ko ya kai nisabi tare da sauran kuɗinsa. Nisabi dinari 20 ne na zinariya, kimanin giram 85, abin fitarwa kuwa 1 cikin 40. Gidan da aka gina don haya babu zakka a kan ginin kansa. Tana kan kuɗin hayar idan sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo a kansu a hannunka. Filin da aka saya don kasuwanci kuwa, Malikiyya sun raba mai shi biyu. Wanda ya ajiye yana jiran farashi ya tashi, zai fidda zakkar shekara 1 ranar da ya sayar, ko da filin ya yi shekara 5 a hannunsa. Wanda yake saye yana sayarwa kullum kamar mai kanti, zai yi wa abin da ke hannunsa ƙima kowace shekara ya fitar.

Ya ku bayin Allah, wanda ya riga ya shiga yarjejeniya irin ta uku cikin rashin sani, ƙofar gyara a buɗe take. Ya je wurin abokinsa cikin wannan wata, su zauna gaban malamin da ya san babin. Ko dai su mayar da ita tarayya ta gaskiya, kowa ya ɗauki rabonsa na samu da na rashi, ko ta koma rance tsantsa, a lissafa abin da ya riga ya karɓa cikin uwar kuɗinsa. Wanda kuma yake riƙe da dukiyar marayu ko ta ɗan'uwan da ke ci-rani, ya buɗe littafin lissafi ya nuna musu tun yana da numfashi.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya wadatar da mu da ita ga barin haram. Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, Ya sa muna cikin bayin da ake ƴantawa a wannan wata. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.